A gwada manhajar lissafi da cinikin da ya fi rikici kafin a biya kuɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a shafin wasiƙu don in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa da masu cin gashin kansu a kan wata haja da ta yi kasuwa a bana, wato manhajojin lissafi na waya da na kwamfuta.

Ni akanta ne, amma ba na ofis mai sanyi ba. Tun da masana'antar da nake yi wa aiki a Sharaɗa ta rufe, na koma bin shaguna da jakata ina riƙe wa mutane littafi. Ina da masu yadi a Kantin Kwari, da masu kayan masarufi a Singa, da mai fenti da kayan famfo a Ƙofar Ruwa, da wata Hajiya da ke sayar da kayan kicin daga cikin gidanta ta WhatsApp. Ƙarshen wata in zo in tattara rasit da alat, in fitar musu da abin da ya shiga da abin da ya fita, su sallame ni. Ba ni da manhajar da nake tallatawa, babu kuma kamfanin da ke ba ni la'ada.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, aka kuma ce za su fara aiki a Janairun 2026, sai samari masu rataye da katin shaida a wuya suka cika layukan kasuwa. Kowa da tasa manhajar, amma bakinsu ɗaya: "Alhaji, in ba ka sa wannan ba, gwamnati za ta rufe maka asusu." Na ji wannan magana da kunnena an faɗa wa dattijon da cinikinsa duka bai wuce zare da maɓalli ba. To, a sani, tsarin rasit na intanet da hukumar haraji ta tarayya ta ɓullo da shi a 2025, da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara aka fara shi. Mai shagon da ba kamfani ba ne, ko da ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, harajin kuɗin shigarsa hukumar jiha yake biya wa, kuma sabuwar dokar ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Abin da ake bukata a wurin ƙaramin ɗan kasuwa shi ne rubutu mai tsabta da zai iya nunawa in an tambaye shi, ya kuma adana shi, su kamfanoni ma shekara shida doka ta ce su ajiye nasu. Ba a ce sai manhajar wane ba.

Ba ina cewa kada a saya ba ne. Ni kaina da manhaja nake aiki, kuma ba zan koma zaman buga kalkuleta har tsakar dare ba. Maganata ita ce ba a cinikin biri a sama. Kafin mutum ya ba da ko sisi, ya ɗauko cinikin da ya fi kowanne rikici a littafinsa, ya ajiye a gaban mai tallar, ya ce, "Bismillah, shigar min da wannan in gani."

Ga irin cinikin da nake nufi, kuma duk wanda ya taɓa zama a bakin shago a Kwari ya san haka abin yake. Dillali ya kawo baƙo daga Maraɗi. Ya zaɓi shadda da atamfa na naira miliyan huɗu. Kala biyu daga cikin abin da yake so babu a shagon, sai maigida ya tura yaro ya karɓo a wurin maƙwabci, a kan in an sayar za a kai masa kuɗinsa, abin da ya hau kuma na mai shago ne. Baƙon ya ciro sefa, aka aiki yaro kasuwar 'yan canji ta Wapa ya canjo, ta ba da miliyan ɗaya da 'yan kai. Ya ce ƙaninsa zai turo miliyan ɗaya da rabi. Alat ya shigo bayan la'asar da sunan da ba wanda ya sani, kuma ba a asusun shago ba, a na babban yaron shago, don a lokacin sabis ɗin bankin maigida ya ɗauke. Sauran kuɗin bashi ne, sai bayan Sallah. Dillali ya karɓi la'adarsa a hannu daga cikin kuɗin canjin, aka biya 'yan dako da mai ɗauri. Bayan sati biyu direba ya dawo da turmi uku, wai ruwa ya taɓa su a hanya, a cire daga bashin.

In mai tallar ya gama shigarwa, a tambaye shi abu uku kawai: nawa muke bin baƙo, nawa maƙwabci ke bin mu, nawa muka ci a wannan cinikin? In amsar ta fito daidai da abin da maigida ya riga ya lissafa a kansa, to a ci gaba da magana. In kuwa ya fara cewa bari ya kira ogansa a Legas, ko ya ce a shigar da kayan maƙwabci kamar namu ne "daga baya a gyara", to a yi masa godiya a ba shi ruwa ya sha. Duk gwajin da suke zuwa da shi a wayarsu iri ɗaya ne: kaya ɗaya, kwastoma ɗaya, ya biya nan take, rasit ya fito da tambarin shago mai kyau. Wannan ko yaron da ya gama firamare zai rubuta shi a bayan kwali.

Dalilin da ya sa da yawansu ke tuntuɓe a nan ba ɓoyayye ba ne. An gina su ne a ƙasashen da ciniki ke tafiya a hanya guda: ka aika takardar neman biya, a biya ka ta banki ko da kati cikin kwana talatin, shi ke nan. Kasuwarmu kuwa a kan amana da bashi take tsaye, kuɗin ciniki ɗaya yakan shigo ta ƙofa uku ko huɗu. Manyan manhajojin da aka daɗe da sani, irin su QuickBooks, da Sage 50 wanda tsofaffin akantoci har yanzu ke kira Peachtree, da Tally da kamfanonin Indiyawa suka saba da shi, da Zoho Books, duk za su iya ɗaukar wancan cinikin, amma sai an sami wanda ya san aikin ya tsara su tun farko: ya buɗe wa maƙwabci shafi a matsayin wanda ke bin mu, ya buɗe shafin kuɗin shago da ke hannun yaro, ya ware wurin la'ada da dako. Ƙananan manhajojin waya kuma, a iya abin da na gani, sun fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba, sai dai yawancinsu littafin ciniki ne da na bashi kawai, ba cikakken lissafi ba. Ba aibu ba ne in abin da mutum ke bukata ke nan. Aibun shi ne a sayar maka da littafin ciniki da sunan akanta.

Sai maganar awo, wadda ita ma ke kayar da su. Mai kayan masarufi yakan sayi sukari buhu mai kilo 50, ya sayar da wani a buhu, ya fasa wani ya sayar kwano-kwano, kuma yawan kwanon da zai fito ya danganta da hannun mai awon. Katan ɗin taliya yana fita a katan, yana fita a rabi, yana fita ɗai-ɗai. Mai yadi yana sarowa a dila ya sayar a turmi ko a yadi, ga kuma guntayen da ke saura a ƙarshen bandir. A kasuwar hatsi ta Dawanau kuwa a sayi masara da ɗanyenta, bayan wata biyu a rumbu nauyinta ya ragu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Manhajar da ba ta san katan ɗaya da guda ashirin abu ɗaya ne ba, cikin sati za ta nuna maka kana da taliya katan goma a sito alhali babu ko ɗaya, ko ta nuna kayan sun ƙare suna nan jibge. Daga nan maigida ya fara kallon yaransa da wani ido, alhali ba su ci komai ba. Wannan zargin da lissafi marar kyau ke jawowa ya fi asarar kuɗin manhajar ciwo, don na ga ya raba mutanen da suka shekara goma tare.

A kan bashi kuma ina so in ɗan daɗe, don nan ne jinin kasuwarmu yake. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kansa ta sauka. Abin da manhaja za ta ƙara mana shi ne ta nuna shekarun bashin: wane ne aka bi wata ɗaya, wane ne wata uku, wane ne ya shekara. Wannan takarda guda, in ta fito daidai, ta isa ta biya kuɗin manhajar, domin mai shago yakan riƙe jimillar abin da yake bi a kansa amma ya manta tun yaushe. Sai dai a kula da abu biyu da suke zuwa a kunne tun daga kamfani. Na farko tarar jinkiri: wasu manhajojin waje suna da wurin ƙara wani kaso a kan bashin da ya wuce lokacinsa. Wannan kuɗin ruwa ne, a tabbata a kashe yake. Na biyu saƙon tuni da manhaja ke aikawa da kanta. Hajiyar nan da na ambata ta taɓa sa wata manhaja a wayarta, 'yarta ta shigar mata da sunayen masu bashi da lambobinsu. Ranar wata Juma'a da safe saƙo ya tafi wa kowa da Turanci, cewa ana bin ki kaza, ki biya cikin gaggawa. Cikin waɗanda suka samu har da yayar mijinta, wadda ta ɗauki tukwane na kayan ɗakin 'yarta a kan za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kafin azahar magana ta kai gidan surukai. Hajiya ta ce min, "Malam, ni da ko a ido ban taɓa yi mata maganar kuɗin nan ba." Sai da ta yi girki ta kai da kanta aka shafe zancen. Mai manhajar a wurinsa wannan gwaninta ce yake talla da ita. A wurinmu akwai wanda ake aika wa saƙo, akwai wanda ake aika wa yaro, akwai wanda sai dai ka je gaisuwa ka yi shiru ya gane da kansa. Duk manhajar da ba za ta bar ka ka zaɓi wanda za a tuna wa ba, kada ka ba ta lambar kowa.

Tun da an zo kan lambobi, a riƙa tambayar masu manhajar kyauta da me suke ci. Wasu da na'urar POS suke samun nasu, wasu da bashin da za su tallata maka bayan sun ga yawan cinikinka. Ba lallai mugunta ba ce, amma ka sani sunayen kwastomominka da lambobinsu da abin da kowa ya saya suna hannun wani. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka kafa a 2023, sai dai doka ba za ta dawo maka da sirrin da ya riga ya fita ba.

Wata tambaya da ba na jin ana yi ita ce, wa zai riƙa shigar da cinikin? Alhaji ne ke biya, amma ba shi ke taɓa wayar ba. Yaron shago ne, a tsaye, da kwastoma uku a kansa, wani na taya yadi wani na neman canji. In shigar da ciniki ɗaya na bukatar ya danna wuri takwas, ya kuma karanta kalmomin Turancin da ko 'yan jami'a sai sun tsaya, to zai ce bari in rubuta a takarda da yamma in shigar. Yamma ta yi ya gaji, gobe kasuwa ta cika, kafin wata ya ƙare an koma littafi, manhaja na can tana cin kuɗin wata. Saboda haka ranar gwaji yaron za a miƙa wa wayar, ba ɗan Alhaji mai digiri da ke leƙo shago ranar Asabar ba. A kuma duba ko kowane yaro zai sami tasa lambar sirrin, da ko za a iya hana shi ganin farashin sari, da ko in an goge ciniki ko an canja adadi manhajar na ajiye sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi. A littafin takarda in an yaga shafi ana ganin gurbinsa. A manhajar da ba ta ajiye sawu, ciniki na iya ɓacewa kamar ba a taɓa yin sa ba. Wannan kariya ce ga yaron kirki ma, ba tarko ba ce kawai.

Yanzu ga wadda na fi ɗauka da muhimmanci bayan gwajin ciniki: yaya za ka fita? Kowa na tambayar yadda ake shiga, ba mai tambayar ƙofar fita. Kamfanoni na mutuwa, wasu kuma su tattara su bar ƙasa. Manhajar Wave, wadda masu ƙananan sana'a da yawa suka so saboda kyauta ce, a 2020 ta taƙaita kanta ga Amurka da Kanada. QuickBooks da girmansa ya janye daga Indiya a 2023. In haka ta faru da waɗannan, ina ga manhajar da samari biyar suka haɗa da kuɗin masu zuba jari? Wani mai kayan gini da na sani ya shekara biyu yana zuba bashinsa a wata manhajar waya, ya daina rubutu a littafi gaba ɗaya. Wata rana ta ƙi buɗewa, lambar da ake kira ba a ɗauka. Haka ya riƙa bin magina da 'yan kwangila yana tambayarsu nawa yake bin su. Masu tsoron Allah suka faɗa, sauran kuma sai a lahira. Don haka tun ranar farko a ce wa mai talla ya fitar da komai a Excel: sunayen kwastomomi, bashin kowa, jerin kaya, cinikin kowace rana. Ba hoton rahoto a PDF kawai ba, ainihin jadawalin da wani akanta zai iya ɗauka ya zuba a wata manhajar. A tambaye shi kuma, in na daina biya, zan iya buɗe tsohon lissafina in karanta, ko za a kulle ni a waje? Sannan a duba da lambar wa da imel ɗin wa aka yi rajista. Sau da yawa na wanda ya zo ya saka manhajar ne, ko na yaron shagon da wata rana za a sallame shi ya buɗe nasa. Lissafin dukiyarka bai kamata mabuɗinsa ya kasance a aljihun wani ba, ko da ɗanka ne.

Ana yawan tambayata wacce ta fi, mai zama a kwamfutar shago ko mai zama a intanet. Kowacce akwai ranar da za ta ba ka kunya. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022, ya san littafi da kwamfutar da ke cikin shago tare suke tafiya da kaya. Amma kuma wanda ke Zamfara a 2021 lokacin da aka katse layukan waya, ko wanda ya tuna ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a Maris ɗin 2024 har bankuna suka rikice, ko duhun da Arewa ta shiga na fiye da mako a Oktoban 2024, ya san manhajar da ba ta motsi sai da sabis tana iya tsayar da kai da kwastoma a gabanka. Abin nema shi ne mai aiki ko babu sabis, in ya dawo ta aika da abin da aka shigar. In ba a samu ba, to kowane ƙarshen wata a fitar da kwafi, ɗaya a filashi a kai gida, ɗaya a tura imel, takardar masu bashi kuma a buga ta a ajiye. Masu sa kwafin sata da masu gyaran kwamfuta ke sakawa a dubu biyar kuwa, ranar da ta lalace babu wanda za su kai wa kuka.

Farashi ma a tambaya da wane kuɗi ne. Manhajar da ake biya dala 30 a wata, kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen 460 a farashin gwamnati, ba ta kai naira dubu goma sha huɗu ba. Da dala ta haura 1,500 a 2024 sai ta koma dubu arba'in da biyar, ba a ƙara maka komai ba. Ga shi kafin tsakiyar 2025 an daɗe katunan naira na bankuna da yawa ba sa biyan kuɗi a waje, mutane suka yi ta neman mai katin dala ya biya musu. Wadda ke karɓar naira a tsayayyen farashi ta fi kwanciyar hankali. A haɗa da kuɗin data, wanda aka amince a ƙara masa kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, da kuɗin ƙarin mutum na biyu da na uku, da na reshe na biyu, da na wanda zai koya wa yara. Farashin da ke jikin takardar talla yawanci na mutum ɗaya ne a shago ɗaya.

Akwai kuma abin da ko manhaja mafi tsada ba za ta yi maka ba. Ribar da take nunawa a kan farashin da ka saro take auna ta. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, kamar ƙarshen 2024, ka sayi katan a dubu goma ka sayar sha biyu, allo ya nuna ka ci dubu biyu, ka koma sari ka tarar ya zama sha uku. Ribar tana rubuce, jarin na narkewa. Ɗan kasuwar da ya ƙware ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta, shi ya sa yake sayarwa da farashin yau. Kada allo mai launin kore ya sa ya manta. Haka kuma ba za ta san kuɗin cefane da na makarantar yara da gudummawar biki da aka zara daga aljihun tebur ba, sai in an rubuta. Yawancin shagunan da aka kira ni a kan wai manhaja ta lalace, lafiyarta ƙalau, maigida ne ke ɗiba ba ya faɗa, kuma yaro ba zai iya cewa "Alhaji, nawa ka ɗauka?" ba. A buɗe shafi da sunan maigida, a raba asusun shago da na gida. Har naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan tiransifar dubu goma zuwa sama, da cajin POS, su ma a ba su wurinsu, don su ne ke hana lissafi haɗuwa da na banki a ƙarshen wata.

Zakka ma a sa ta a gwajin. Shekarar zakka ta wata ce, tana gaza ta bature da kusan kwana goma sha ɗaya, saboda haka ana son manhajar da za ta ba ka hoton shago a kowace rana ka zaɓa, ba sai ƙarshen Disamba ba: kaya nawa, tsabar kuɗi nawa, bashin da ake sa ran karɓa nawa, wanda ake bin ka nawa. Kuma ƙimar kayan da za ta ba ka ta sari ce, alhali malamanmu suna cewa mai juya kaya kullum da farashin ranar zai ƙiyasta kafin ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Hukuncin na malamai ne, ni dai jerin kayan nake miƙawa.

Masu cin gashin kansu kuwa, irin tela da mai ɗaukar hoto da mai zane a kwamfuta da mai fassara, nasu ya fi sauƙi, kuma su aka fi yi wa tallar abin da ya fi ƙarfinsu. 'Yar ƙanwata na yin fassara da rubutu wa kamfanonin waje da na gida. Ta zo min da wata manhaja mai lissafin albashin ma'aikata da sito da rassa, ta ce, "Kawu, wannan ce aka ce ƙwararru ke amfani da ita." Na ce ma'aikatanki nawa? Ta yi dariya. Na buɗe mata jadawali a Google Sheets: ranar aiki, sunan mai aiki, abin da aka yi yarjejeniya, kafin alƙalamin da aka bayar, ciko, ranar da ya shigo, in dala ce a nawa aka canja a ranar. Sai gefe guda na abin da ta kashe saboda aikin, data da gyaran kwamfuta da cajin sola. Abu ɗaya na ja mata kunne a kai: kamfanonin gida kan cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aikinta a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe. Ta rubuta cikakken kuɗin da abin da aka cire daban-daban, ta kuma nemi takardar shaidar an kai wa hukuma, domin za a rage mata shi daga harajinta na shekara. Da yawa ba sa nema, kuɗinsu na tafiya a banza. Tela kuma abin da ya fi bukata shi ne ya san kafin alƙalamin da ya karɓa na ɗinkin Sallah ba nasa ba ne tukuna sai ya miƙa kaya.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke karanta wannan jarida su lura, manhajar da aka tsara wa Najeriya da harajin VAT na kashi 7.5 ba za ta dace da su kai tsaye ba. Nasu kashi 19 ne, kuma tsarin lissafinsu daban ne, ana kiransa SYSCOHADA, irin na Chadi da Kamaru.

A ƙarshe, Malam Edita, ina da roƙo biyu. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su daina barin kowa ya shiga layi yana tsorata mutane da sunan gwamnati. In mai manhaja na son talla, a tara shi da 'yan kasuwa da akanta guda a ofishin ƙungiya, a ba shi ciniki irin na baƙon Maraɗi ya shigar a gaban kowa. Yaranmu kuma da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, masu son haɗa manhajar da za ta yi magana da Hausa, ta san turmi da kwano da la'ada, su zo su zauna a bakin shago ko na wata guda ne kafin su fara rubuta komai. Ni zan nema musu benci a Kwari.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai riƙe wa 'yan kasuwa littafi,
Fagge, Kano.